Neman shawara: mun yi karo da trotro a mahaɗa, kowa na cewa shi danja ta ba hannu

Mai tambaya, daga Aboabo a Kumasi:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ranar Talata bayan La'asar ina dawowa daga Oforikrom, maiɗakina tana zaune a gaba, sai na iso wata mahaɗa inda zan karya hagu, kuma na tabbata kibiyar masu karyawa ta nuna kore kafin in shiga. Ban gama juyawa ba wata trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da ke tahowa ta gabana ta daki ƙofar baya ta ɓangaren dama, har motata ta juya ta fuskanci inda na fito. Direban ya sauko yana rantsuwa cewa shi aka ba hannu, yaron motarsa da fasinjoji biyu suka mara masa baya. Ni kuwa da na ga wata 'yar kasuwa a cikin trotron ta riƙe hannunta tana kuka, sai na ce su yi haƙuri, kuma yanzu da wannan kalmar ake kafa mini hujja.

'Yan sandan MTTD, masu kula da zirga-zirgar motoci, sun zo sun auna hanya sun yi zane, motocin biyu suna hannunsu. Matar ta karye a wuyan hannu. Maiɗakina ba ta ji komai ba a ranar, amma tun safiyar Alhamis ba ta iya juya wuyanta. Jiya mai trotron ya aiko dattawa biyu wurin kawuna, yana so in gyara gaban motarsa, in biya kuɗin ɗorin matar, a kashe maganar a gida. Inshorata ƙarama ce, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna kawai. Kawu yana ganin in yarda don a zauna lafiya, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Ina neman shawararku.

Wata ma'aikaciyar jinya, daga Asawase:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya kiyaye gaba. Ka ajiye zancen mota tukuna, ka kai matarka asibiti yau. Idan mota ta daki wata daga gefe, kai yakan fizgu ya dawo cikin ƙiftawar ido, jijiyoyin wuya su miƙe fiye da ƙima, kuma sau da yawa ciwon ba ya bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu, saboda haka jinkirinsa ba ya nufin ba daga haɗarin ya zo ba. Kada a bari kowa ya murɗa mata wuya ko ya ja shi da sunan gyara kafin likita ya duba ta. Idan hannunta ya fara mutuwa, ko tana jin yatsunta kamar ana soka allura, ko ta yi amai, ko ciwon kai ya tsananta, ko barci ya riƙa rinjayarta, to ba a jira gari ya waye.

Kafin ku tafi, ka karɓi takardar asibiti ta 'yan sanda wurin jami'in da ke riƙe da maganarku, likita ya cike ta ya sa hannu. Ana biyan kuɗi kafin a cike ta, amma ita ce za ta haɗa ciwon da haɗarin a rubuce. Ka adana kowane rasit, har na maganin da ka sayo a kemis. Ita ma matar da ta karye, ina roƙon a yi mata hoton ƙashi ko da danginta sun fi son maɗori, domin na sha ganin wuyan hannun da ya haɗe a karkace, mai shi ta kasa ɗaga tire zuwa kanta.

Wani tsohon direban tasi, daga Sabon Zango:

Ɗana, na yi shekaru ina tuƙi a garin nan, kuma ban taɓa ganin direban da ya sauko a mahaɗa ya ce ja ya tsallaka ba. Tun 1974 da Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, mai karya hagu shi ne ke ratsa gaban masu tahowa, shi ya sa mutane suke fara ɗora masa laifi tun ba su ji ba'asi ba. Amma ka lura da inda aka dake ka. Da a fitilar gaba ne, da sai a ce kai ka faɗa masa. Tunda ƙofar baya ce, alama ce cewa ka kusa ƙare juyawa kafin ya iso. Wannan ba ya nuna wace wuta ce ke ci a lokacin, sai dai yana da nauyi, musamman idan an haɗa shi da tsawon sawun birki a kwalta, ko rashinsa gaba ɗaya.

Shaidar yaron mota ba ta ba ni tsoro, domin cinsa da shansa suna jikin motar. Ka koma mahaɗar a daidai lokacin da abin ya faru, ka nemi waɗanda kullum suke wurin, irin mai rumfar momo (tura kuɗi ta waya) da masu tallan ruwan leda, ka karɓi lambar wanda ya gani ya kuma yarda ya faɗa wa ɗan sanda. Ka tsaya ka ɗauki bidiyon yadda danjar ke sauyawa sau uku ko huɗu, a ga ko kibiyarka da koren masu tahowa suna haɗuwa. Idan akwai gidan mai ko kanti mai kyamara a kusa, ka je yau, saboda na'urorin suna shafe tsohon hoto da kansu. Sannan kada ka bar wani makanike ya taɓa motar kafin jami'in DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci, ya gwada motocin biyu, don a rahotonsa ne za a ga ko birkin trotron yana kamawa.

Wani dattijo, daga Yalwa:

Ni ban ga aibin maganar kawunka ba. Sulhu alheri ne, kuma waɗanda suka tako har gida sun girmama ku. Shari'a tana cin kuɗi da lokaci, ga motarka tana tsatsa a ofishin 'yan sanda, ga iyali suna jiran cefane. A zauna, kowa ya rage wani abu, a wuce wurin.

Wani ma'aikacin inshora, daga Tafo:

Baba, Allah ya ƙara girma, ban ƙi sulhu ba, amma abin da aka kawo wa wannan bawan Allah ba sulhu ba ne, domin an ɗora masa dukkan kaya ne tun ba a san mai laifi ba, kuma ba a ma ambaci wuyan matarsa ba. Malam, a takardar inshorar mota akwai sharaɗin cewa kada ka amsa laifi ko ka yi alkawarin biya ba da sanin kamfani ba, don haka duk abin da ka sa wa hannu a zauren kawu yana iya zama dalilin da za su janye jiki su bar ka da matar. Ba wa wanda ya ji rauni haƙuri tausayi ne, ka bayyana haka a jawabinka, amma kada ka ƙara komai a kai. Ka sanar da kamfaninka a rubuce gobe, ko da kana ganin ba ka da laifi.

Dokar 1958 da ta wajabta inshora a kan kowace mota, saboda irin wannan 'yar kasuwa aka yi ta. Ita fasinja ce, ba ta da hannu a gardamarku, kuma diyyar rauninta tana kan inshorar wanda aka samu da sakaci, ko a raba tsakaninku idan ku biyun kuna da kaso, don dokar ƙasar nan ta yarda a raba laifi gwargwado. Matarka ma tana da haƙƙin nema. Gyaran mota kuwa yana da iyakar kuɗi a ƙaramar inshora, kuma taka ba za ta gyara motarka ba. Sai dai ka bi inshorar trotron idan laifin ya tabbata a kansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gaggawar mai trotron. Ka danna *920*57# a wayarka, ka sa lambar motarsa, rumbun bayanan hukumar inshora ta NIC zai nuna maka ko inshorarsa tana aiki. Idan ta ƙare, ka san dalilin aiko dattawa. A irin wannan hali NIC tana da asusun biyan waɗanda motar da ba ta da inshora ta raunata, sai a nuna wa matar hanya. Kuma ka sani cewa ƙarar neman diyyar rauni tana da wa'adin shekara 3, saboda haka ba abin da zai ƙone idan ka ce a jira rahoton 'yan sanda. Idan kuɗin lauya ya fi ƙarfinka, ka gwada ofishin Legal Aid, masu taimaka wa marasa ƙarfi a harkar shari'a, na nan Kumasi.

Dattijon Yalwa ya ƙara da cewa:

To, na ji. Amma a je a gaishe da matar, a kai mata abin da ya sawwaƙa a gaban shaidu, a faɗa a fili cewa taimako ne, ba biyan laifi ba. Wannan kam inshora ba za ta yi muku ba.

Mai tambaya ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun je asibiti, an yi hoto, likita ya ce ƙashi lafiya, ya rubuta magani ya ce mu koma bayan mako guda, kuma ya cike takardar 'yan sanda. Mai rumfar momo ta ce ta ga direban trotron ya ƙara gudu bayan motar da ke gefensa ta riga ta tsaya, sai dai tana tsoron zuwa ofishin 'yan sanda ita kaɗai, don haka Yaya za ta raka ta ranar Litinin. Na gwada lambar motar sau biyu da daddare, layin ya katse, zan sake da safe. Kawu ya amince a ce wa dattawan su dakata har rahoto ya fito, kuma gobe bayan Azahar ni da shi za mu je duba matar a Akwatia Line.