Banɗakin mata a masana'antun ɗinki na Bangaladash

Tambaya: Jama'a, masana'antun tufafi na Daka da Gazipur suna da banɗaki da famfo. Me ke sa mata masu ɗinki yawan fama da ciwon mafitsara?

Amsa ta 1: Ɗan'uwa, ginin ba shi ne matsalar ba, lokaci ne. Aikin layi ne, mace ɗaya ta tashi sai kaya su taru a kekenta. Shi ya sa take ƙin shan ruwa, ta riƙe fitsari har hutun rana, ga zafin injuna. A samar da mai riƙon keke a kowane layi.

Amsa ta 2: Dokar ƙwadago ta 2006 ta wajabta raba banɗakin maza da na mata. Amma a leƙa ciki: akwai sakata? Akwai sabulu, da bokitin shara mai murfi? In babu bokiti, cikin masai ake jefa ƙunzugu, bututu ya toshe, a kulle wurin.

Amsa ta 3: Ƙunzugun ma abin dubawa ne. Wasu da ragowar ƙyallen ɗinki suke amfani, mai ƙura da rini, ba wanki. A ajiye audugar mata mai rahusa a hannun mace, don da yawa ba za su iya tambayar namiji ba.