Kun taɓa jin kunyar faɗin sana'arku a majami'a?

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari: Salama gare ku 'yan'uwa. Lahadin da ta wuce fasto ya ce matasa su miƙe, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Da aka zo kaina sai na ji bakina ya ce "ina neman aiki." Alhali shekara 3 ke nan ina kabu-kabu, da shi nake biyan haya, da shi nake sa baiko a majami'a. Lisans ɗina, wato digirina na jami'ar André Salifou da ke nan Zinder, yana cikin akwati. Tun ranar abin yake cina, don ƙarya na yi a gaban jama'ar Allah. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon majemi: Ɗana, kai ƙurar hanya kawai kake ɗauka, ni wari nake ɗauka. Fatar akuya sai ta kwana cikin ruwan toka, a kankare gashin, a jiƙa ta da bagaruwa, kafin a zo ga karan dafi da ke ba ta jan nan da dukawan Damagaram ke ɗinka jaka da takalmi da shi. Ko sabulu nawa ka ƙarar, hannunka zai tona maka asiri. Shekaru na yi ina zama bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, saboda wata rana na ga wata mata ta ja ɗanta daga gefena. Sai a wani nazarin Littafi Mai Tsarki aka karanta ƙarshen Ayyukan Manzanni 9: Bitrus ya yi kwanaki da yawa a Yafa, a gidan Saminu majemi. Na ce a maimaita mini. Wajen Yahudawa mai taɓa mushe ƙazantacce ne, amma a soron gidan nan manzo ya ga wahayi, nan kuma mutanen Karniliyas, hafsan sojan Roma, suka same shi. Yanzu benci na 2 nake zama. Warin dai yana nan, ban ce ya tafi ba.

Uwar Ladi, Garin Malam: Baba, ka sa ni dariya da hawaye. Ni shara nake a wani asibiti tun rasuwar maigidana. A zumuntar mata nakan ce "ina aikin asibiti," in bar su su ɗauka ko ungozoma ce. Ranar da wata 'yar'uwa ta kwanta ta gan ni da tsintsiya da bokiti, ita ta fara sunkuyar da kai. Ni na wanke mata ɗakin har aka sallame ta.

Mushen lakwal (malamin makaranta): Ku yi mini haƙuri, zan ɗan saɓa. Mun iya jawo wa matasa ayar nan ta 2 Tasalonikawa 3:10 mai cewa wanda ba zai yi aiki ba kada ya ci, amma Bulus kan wanda ya ƙi aiki yake magana, ba wanda ya nema ya rasa ba. Kuma Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ma'aikaci ya kwana a hannun mai aiki. Ni kwantiragi nake koyarwa, an sha yin wata 2 ban ga ko dala ba. Kada mu yaba wa talaka guminsa alhali wasu cikinmu suna riƙe da kuɗin 'yar aikin gidansu.

Magini, Zango: Mushe, gaskiyarka. Ga nawa. Bayan Juma'ar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙone majami'u a garin nan, lokacin da muka tashi gyaran tamu ba wanda ya tambayi takardar kowa. Masu biro su suka yi mini lebura, suna miƙo bulo ina cewa "ba haka ba." Kun san wahalar ruwa a Zinder. Wani ɗan garuwa Musulmi, maƙwabcinmu, shi ya riƙa turo kura cike da jarka don kwaɓa siminti, kwanan farko ma ya ƙi karɓar kuɗi.

Ɗan kabu-kabu, Sabon Gari: Na gode ƙwarai. Na samu fasto na gaya masa, ya ce Lahadi in sake miƙewa. Baba majemi, in za ka kai fatu Kasuwar Dole ranar Alhamis, ka faɗa mini da wuri in zo in ɗauke ka. Amma a ɗaure su cikin buhu, don bayanka akwai fasinja.