Musayar Waƙa: Wa Ake Gwadawa, Wa Ake Korawa?

Ungozoma daga Aboabo

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya a kan ƙanjamau da matan zangonninmu na Kumasi, kuma sharaɗina guda ne, wato duk mai amsawa ya rufe baitinsa da "wa".

Mace in ta yi ciki, awo za ta,
A ɗebi jininta a duba ta,
Miji yana shago ko tasha,
Nasa jinin babu mai dubawa.

In sakamako ya nuna cuta,
Dangi su ce ita ta kawo ta,
Ba a san wa ya fara ɗauka ba,
Amma ita ce ake korawa.

Tun 1986 cutar ke Gana,
Ƙidayar hukuma ta bayyana,
Cikin uku masu ƙwayar a ƙasa,
Kusan biyu mata ake samowa.

Direba daga Asawase

Hajiya, na ji, amma a saurari namu uzurin.

Layin asibiti yini ne guda,
Mai neman cefane yana shaida,
In mota ta kwana ba ta fita ba,
Tukunyar gida ba ta tafasowa.

In an gan ni a ɗakin gwaji da safe,
Kafin la'asar zance ya yi fiffike,
Ba taurin kai ne ya riƙe mu ba,
Bakin mutane ne ke hanawa.

'Yar kasuwar Kejetia

Yaya direba, ni ma ranar awo rufe teburina nake yi, kuma babu wanda ya taɓa karɓar wannan a matsayin uzuri daga gare ni.

Ka ce kana tsoron bakin zango,
Mu muna tsoron na cikin gida ne,
In ta ambaci kwaroron roba,
Da zargin bin maza ake amsawa.

Wadda ci da sha ke hannun miji,
Ga kishiya, ga 'ya'ya, ga haya,
Ta san yana da wata a waje,
Ina bakin da za ta yi ƙiyawa?

Ku dubi yaran da ke dakon kaya,
Daga arewacin Gana suka zo neman kuɗin sidi,
A bakin shaguna suke kwana,
Mai ƙarfi ya zo, babu mai karewa.

Dokar 2007 ta hana cin zalin gida,
Akwai ofishinta a wurin 'yan sanda,
Amma in ta kai ƙara ta dawo,
"Yi haƙuri" iyaye ke cewa.

Malam daga Sabon Zango

'Ya'yana, shari'a ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba.

Manzon Allah ya yi mana iyaka,
Babu cuta, babu cutarwa.
Waliyyi, kafin ka karɓi sadaki,
Takardar gwajin ango kake nemowa.
Mai ƙara aure da mai auren bazawara,
Har uwargida, kowa a je dubawa.

Ungozoma daga Aboabo

Ƙanena direba, uzurinka ya faɗi, domin tun 2023 ake raba abin gwajin da mutum zai yi da kansa a ɗaki, ya goga a dasashi, ya ga sakamako cikin minti 20, sai dai in ya nuna alama dole a tabbatar a asibiti.

Mai ciki in ta riƙe magani,
Jaririnta na samun tsira,
Wanda magani ya kwantar da ƙwayar a jininsa,
Ba ya sa wa matar da yake aurawa.

Wadda aka yi wa fin ƙarfi,
Kada ta tsaya jiran sulhun dangi,
Ta isa asibitin Komfo Anokye ko mafi kusa,
In an fara cikin awa 72, maganin rigakafi ke tarewa.

'Yar kasuwar Kejetia

Allah ya gafarta Malam, ina da saura.

Gwajin ranar aure mun yarda,
Amma takarda ba ta tsufa da mu,
Shekara goma in na ce mu koma,
Ya ce a'a, wa nake kai wa?