Abin da na tattaro kan ma'aikatan laburare

Jama'a salamu alaikum, ga abin da aka tattauna a taƙaice, wanda na tsallake nashi ya yi haƙuri.

1. Kusan kowa ya yarda a daina mayar da laburare wurin jefa ma'aikacin da aka rasa inda za a kai shi, wanda bai san jera littattafai ba ta ya zai nemo wa ɗalibi littafi? A ɗauki masu rajista da LRCN, hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta Najeriya da dokar 1995 ta kafa.

2. Tsarin shekara biyar a rubuce, a riƙa duba shi duk shekara kar ya kwana a durowa.

3. Kan kuɗin TETFund (asusun tallafa wa manyan makarantun gwamnati) aka rabu, wasu sun ce littattafai da kwamfuta tukuna, 'yan Gusau da Birnin Kebbi kuma suka ce ina amfanin kwamfuta ba sola ba wanda aka horar, ni dai ina bayan na biyun gaskiya.

4. Aikin dare lokacin jarabawa a yi karɓa-karɓa, a biya alawus.

5. Masu shirin ritaya su koya wa matasa aikin tun yanzu. Ƙarin girma kuma ba a daidaita ba, wasu shekarun aiki suke kallo, wasu takardu.