Fitilar ado mai juyawa da na buga da firintar 3D: waya tana murɗewa, ina neman shawara

Auwal_Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu harkar firintar 3D da masu sanin lantarki ina neman shawararku. Ina Kano, ina aiki da firintar 3D ƙirar Ender 3 a gida, abin da na fi bugawa fitilun ado ne irin na litofen ɗin nan, idan a kashe take farar roba kawai za ka gani, ana kunnawa sai hoto ko rubutu ya fito raɗau. Ina yin su zagayayyu kamar gwangwani, tsayi santimita 15, zanen ya zagaye jikinsu kaf. Yawanci masu kai wa amarya gudummawa ne suke saya, sai lokacin azumi masu son zanen masallaci da jinjirin wata. To idan an ɗora a kan durowa rabin zanen bango yake kallo ba mai ganinsa, shi ne wata kwastoma ta ce in yi mata wadda za ta dinga juyawa da kanta a hankali.

Na buga gindin da robar firinta da ake kira PLA, akwati a ƙasa faranti a sama, na sa ɗan moton N20 mai giya yana riƙe da farantin. Yana juyawa kam amma wayar da take kai wuta fitilar tana biye da ita tana murɗewa har ta ja komai ya tsaya, ga ƙara zirrr da daddare idan ɗaki ya yi shiru ba ta jiyuwa da daɗi, kuma farantin ya fara karkata gefe ɗaya. Ya ake yi wuta ta kai ga abin da yake juyawa ba tare da waya ta murɗe ba? Wane moto ne mara ƙara? Ina son abin da zan ba mutum ya kai gida hankalina kwance.

MaiGyara_KD ya rubuta:

Wa alaikumus salam malam Auwal. Maganar waya akwai abin da ake cewa silif rin, ɗan ƙaramin abu ne wayoyi sun fito ta sama wasu ta ƙasa, a ciki akwai zobba da 'yan burushi suna goga, sama yana juyawa ƙasa yana tsaye kuma wuta tana wucewa abinta. Mai waya biyu ya ishe ka, sai dai a nan samunsa sai an sha yawo, yawanci odarsa ake yi.

Maganar moto kuma ni shawarata ka nemi wanda yake juya faranti a cikin makrowef. Ka je wajen masu gyara ko masu kayan gwangwan, mu nan Kaduna a kasuwar Panteka ba a rasawa, kai ma nasan ba za ka rasa a Sabon Gari ba. Za ka ga an rubuta 5/6 a jikinsa, wato a wuta irin tamu mai 50Hz zagaye biyar yake a minti, ba ya buƙatar wani bod (ɗan allon lantarki mai sarrafa shi) ko furogiram, waya biyu ce kawai, kuma wlh shiru yake aikinsa, ga ƙarfi. Amma ka karanta takardar jikinsa da kyau kafin ka jona, wasu na 220V ne wasu kuma na 21V ko 30V ne, idan ka ba wa ƙaramin wutar 220V nan take zai ƙone. Sannan halinsa ne duk lokacin da aka kunna shi yake zaɓar inda zai nufa, yau dama gobe hagu.

Injiniya_Zee ta rubuta:

Slm. Baba MaiGyara ya faɗi gaskiya kan moton makrowef, mai juriya ne, amma ranka ya daɗe ni ba zan so a sa 220 a cikin akwatin roba da aka buga a gida ba, akwatin da za a ajiye a ɗakin amarya, yaran dangi suna shigowa suna taɓawa. Moton yana ɗumi, PLA kuma daga wajen digiri 55 zuwa 60 take fara laushi, ka haɗa da zafin Kano na watan Afrilu da yake haura 40 a inuwa, sukurun da suka riƙe shi za su saki a hankali ba tare da kowa ya lura ba. Kuma zaɓar hanyar da yake yi matsala ce ga fitilar da take da rubutu.

Malam Auwal ni abin da zan ce maka shi ne ka daina juya ƙwan tare da rigar. Ƙwan ba ya buƙatar juyawa, haskensa ɗaya ne ta kowane gefe, rigar waje mai hoton ce kawai ake son ta zagaya. Ka buga sanda mai rami a ciki ta tashi daga tsakiyar akwatin a kafe, wayar ta bi ta ramin ta hau sama, ka naɗe LED na 5V a jikin sandar, shi kenan waya ba ta motsi balle ta murɗe, ba ruwanka da silif rin. Farantin sai ya zama zobe da ya kewaye sandar, rigar ta zauna a kansa.

Karkatar da kake gani kuma saboda ka ɗora nauyin komai a kan ɗan siririn ƙarfen N20 ne, ba don ɗaukar kaya aka yi shi ba. Nauyi aikin boris ne, moto turawa kawai zai yi. Mutane da yawa suna sa boris mai lamba 608, amma raminsa milimita 8 ne, ya yi ƙanƙanta ga sanda mai waya a ciki. Ka nemi 6202 wajen masu gyaran fankar sama, rami 15, waje 35, kauri 11. Sandar ta shige ramin, zoben farantin ya kama wajen. Idan sabo ne za ka ji yana da ɗan nauyin juyawa saboda giris, ba komai, hakan ma yana sa tafiyar ta yi laushi ba fizga.

Moto ka sa 28BYJ-48 na 5V, ana sayar da shi tare da bod ɗinsa ULN2003, sai Arduino Nano, ɗan bod ɗin da ake loda wa furogiram, ya ba shi umarni. Yana da giya a cikinsa kusan 64 zuwa 1, taku kusan 2048 ne zagaye ɗaya, kuma kullum inda ka ce nan zai nufa. Ka ajiye shi a gefe cikin akwatin, ka buga masa ƙaramar giya mai haƙora 12, a ƙarƙashin farantin kuma babba mai 60, kenan duk zagaye biyar na moto faranti ya yi ɗaya, ka sa moton a zagaye 10 a minti fitila ta yi 2. Idan mojul 1.5 ka yi amfani da shi, wato ma'aunin girman haƙoran giya, babbar za ta zama milimita 90 ƙaramar 18, tsakanin cibiyoyinsu 54, amma ka ƙara 0.2 ko 0.3 don kada haƙoran su cije juna, cijewar nan ita take kawo ƙas ƙas. Ramukan sukurun moton ka yi su dogaye yadda za ka iya matso da shi ko ka ja shi baya har ka samu inda ya fi shiru. Ka lura ƙarfen wannan moton ba a tsakiyar jikinsa yake ba, ka auna daga ƙarfen.

Rubutu kuma, idan na Larabci ne ko ajami, fuskar da take kallonka ta dinga tafiya zuwa dama yadda farkon kalma zai riga wucewa, idan boko ne zuwa hagu. Ƙaramin abu ne amma mai karatu zai ji bambancin.

Shi ma wannan moton yana ɗumi idan ya daɗe, don haka mariƙinsa da giyoyin ka buga da robar PETG, ita sai wajen digiri 80 take laushi. Rigar hoton ka bar ta a farar PLA tunda ta fi fitar da zane, LED kaɗan ba zai dame ta ba matuƙar ka bar 'yan ƙofofin iska sama da ƙasa.

Maman_Ilham ta rubuta:

Ni ban san lissafin giya ba amma kayan ɗaki nake sayarwa kuma nasan abin da mata suke tambaya. Ɗana Auwal dan Allah ka raba makunnin biyu, na haske daban na juyawa daban, domin idan baƙi sun zo ana so ta juya a gani a yaba, da daddare kuma hasken kawai ake so. Sannan tambayar farko da za a yi maka ita ce tana caji? Abin da sai da wuta yake aiki ba ya tafiya a wajenmu, an fi son wanda ko an ɗauke wuta yana ci. Kada ta yi sauri, mai sauri tana sa jiri kuma ba a gama kallon hoton. Kuma gindin ya yi nauyi, na ga fitilu masu kyau da ƙaramin yaro yana jan waya suke kifowa, ka bar wuri a ƙasa ka zuba wani abu mai nauyi ka rufe. Lokacin hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ka yi ta yadda za a cire rigar a goge a mayar ba sai an kwance sukuru ba. Allah ya sa albarka a sana'a.

Auwal_Fagge ya rubuta:

Amin Hajiya na gode ƙwarai, makunni biyu da nauyin gindi duk zan saka. Baba MaiGyara Allah ya saka da alheri, moton makrowef ɗin zan neme shi saboda wani babban faranti da nake son yi wa shago. Injiniya wlh kin warware min, sandar tsakiyar nan ita ce maganin abin. Na samo 6202 wajen mai fanka a unguwarmu. Tambayata yanzu ramin da boris zai zauna 35 cif zan zana ko in ƙara? Sannan maganar cajin da Hajiya ta kawo, in sa fawa bank a ciki ko batir zan haɗa?

Injiniya_Zee ta rubuta:

Kada ka zana 35 cif, rami a firinta kusan kullum yana fitowa ƙasa da yadda aka zana shi. Kafin ka ɓata filamen, wato zaren robar firinta, a kan faranti guda, ka buga 'yan siraran zobba masu 35.1 da 35.2 da 35.3, wanda boris ya shiga da matsin babban yatsa kuma bai faɗo ba idan ka kife, shi ne naka. Haka za ka yi wa sandar, ka fara da 14.9. Leyar farko tana bajewa ta rage bakin rami, ka ɗan fere bakin a zane ko ka bi shi da samfefa. Kada ka buga da guduma, roba tana tsagewa ta bin leya.

Fawa bank da yawa suna kashe kansu idan abin da ake ja ya yi kaɗan, to ranar da aka kashe moto aka bar haske ƙasa ƙasa sai kwastoma ta ga fitila ta mutu ta ɗauka lalacewa ta yi. Gara batir 18650 da bod ɗin caji TP4056, ka tabbatar mai kariya ne wanda yake yanke wuta idan batir ya yi ƙasa, sai bod ɗin MT3608 ya ɗaga wutar batirin zuwa 5V, ka saita shi da mita kafin ka jona Arduino. Batir mai 2000mAh wajen 7.4Wh ne, idan moto da haske suna cin wat biyu ka sa ran awa uku ko ƙasa da haka kaɗan, haske kaɗai zai fi daɗewa sosai. A furogiram ɗin idan an danna tsayawa ka yanke wuta daga duka fil huɗun Arduino da suke ba moton umarni, in ba haka ba yana tsaye yana shan batir yana zafi. Batirin ka sa shi can nesa da moton, kuma tunda sayarwa za ka yi ka sayi sabo mai kyau, kada ka sa na tsohuwar laftof. PETG ɗin ma yanzu da damina ta kusa ka dinga ɗaure shi a leda da 'yan ƙullin silika masu shanye danshi, idan ya sha danshi zare zai dinga yi tsakanin haƙoran giyar. Idan ka buga zobban ka faɗo mana wanda ya zauna, sai mu duba tsayin sandar da inda LED zai tsaya.