Shin takardar tara ce ke tabbatar da wanda ya jawo hatsari?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi karo da wata mota a mahaɗar hanya. Shi yana tafiya miƙe, ɗaya direban kuma ya karya kwana ya shigo gabansa ba tare da ya jira ba. Da ɗan sanda ya zo, sai ya rubuta wa ƙanena takardar tara saboda ya wuce ƙa'idar gudu, amma bai rubuta wa ɗayan komai ba. Shin wannan yana nufin laifin hatsarin gaba ɗaya ya hau kansa? Kuma ya kamata ya biya tarar nan take don ya huta?

Ɗalibin_Shari'a:
Wa alaikumus salam. Malam, abubuwa biyu ne a nan, kuma kowanne da hanyarsa. Takardar tara zargi ne da hukuma ke yi wa direba cewa ya karya dokar hanya, ita kuwa maganar wanda zai biya diyya tsakanin direbobin ce, kuma kamfanonin inshora ne ke fara yanke ta, idan an kasa daidaitawa a tafi kotu. Sau da yawa ɗan sandan bai ga hatsarin da idonsa ba, abin da ya tarar da abin da aka gaya masa ya rubuta.

Abin da ake dubawa shi ne ko karya dokar ce ta haddasa karon. Direban da takardun motarsa suka ƙare za a iya cin tararsa, amma wannan ba zai ɗora masa alhaki ba idan wani ne ya buge shi ta baya yana tsaye. Gudu kuwa daban ne, domin yana rage lokacin taka birki, don haka kamfanin inshorar ɗaya direban zai riƙe wannan takarda da hannu biyu. Sai dai rashin ba wa ɗayan takarda bai wanke shi ba, tunda wanda zai karya kwana shi ke da nauyin jira.

Hajiya_Mai_Lura:
Ina so in ja hankali kan maganar biya. A wurare da yawa biyan tara daidai yake da amsa laifi, kuma ana iya kawo wannan amsawa a matsayin hujja a ƙarar neman diyya. A Ingila, dokar shaida ta 1968 ta yarda a gabatar da hukuncin da kotu ta yanke wa mutum kan laifi a shari'ar diyya, kuma shi ne zai nuna cewa bai aikata ba. A Amurka kowace jiha da tsarinta. Ni dai a ganina, kada ya biya sai ya ga lauya, amma kuma kada ya bari wa'adin da aka rubuta a takardar ya wuce.

Mai_Neman_Sani:
Na gode. To idan dukansu biyu suna da laifi fa?

Ɗalibin_Shari'a:
Akasari raba alhakin ake yi. Idan aka ce ƙanenka yana da kashi 30 cikin 100, za a rage wannan kason daga diyyar da zai samu. Ingila tana bin wannan tsari tun dokar 1945, haka ma yawancin jihohin Amurka, ko da yake da dama daga cikinsu suna hana diyya idan kason mutum ya kai rabi ko ya wuce. Jihohi kamar Alabama da Birjiniya sun fi tsanani, domin a can ɗan sakaci kaɗan na iya hana shi komai. Saboda haka ya adana hotunan wurin da na motocin, ya nemi lambobin shaidu, ya kuma karɓi kwafin rahoton 'yan sanda ya duba ko an rubuta cewa ɗayan ne ya shigo gabansa.