Awon igiya biyu ko awon gwamnati ɗaya? Ina neman shawara

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu harkar filaye ku taimaka min da shawara. Akwai ɗan abin da na tara a kasuwa, kuma wallahi tsoro nake in bar shi a banki yadda naira take narkewa ɗin nan. Wani dillali ya kai ni can gaba da Janguza a hanyar Gwarzo, gona ce aka yayyanka, awon igiya, kuɗina zai saya min fuloti biyu hamsin-hamsin har da canji. Akwai kuma wani guda ɗaya wajen Danbare, awon gwamnati da takardarsa, amma shi zai lashe kuɗin tas har sai na ɗan ranto. Dillalin gonar ya matsa min wai in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a don wani Alhaji ma ya taya. Ni ba zama zan yi ba, ko dai in ajiye shekara biyar ko in yi ɗakunan haya na ɗaliban BUK. Wanne kuke gani?

Baban Khalifa:
Wa'alaikumussalam. Ɗan uwa wannan "wani Alhaji ya taya" ai waƙar dillalai ce, tun muna yara Alhajin nan yake tayawa har yau bai biya ba. Kar ta ɗaga maka hankali. Tambayar farko ita ce gonar waye? In ta gado ce to an raba gadon ko ba a raba ba? Ni nan ta ci ni. Na sayi fuloti a irin wannan yanka, mai unguwa ya sa hannu, shaidu huɗu, na ajiye takardata hankali kwance, bayan shekara uku sai ga sammaci daga kotun Musulunci, ashe akwai ƙanwarsu da ke aure a wani gari ba a ko sanar da ita ba, kuma kasonta ya faɗo daidai inda na zuba bulo. Shekara biyu muna zarya, ƙarshe kuɗina na asali aka mayar min, wanda a lokacin ko rabin fuloti ba zai saya ba. Saboda haka ka ce a nuna maka takardar rabon gado ta kotu, kuma kowane magaji, mata da maza, ya sa hannu a gabanka.

Lauyan Gyaɗi-Gyaɗi:
Malam Ɗan Kwari, abin da Baban Khalifa ya faɗa haka yake, in ƙara kaɗan. Takardar mai unguwa ko dagaci shaida ce cewa an yi ciniki, ba ita ce mallaka ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 duk ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da kake samu izinin zama ne, takardar wannan izini da gwamnati ke bayarwa ita ce C of O, ta gidan zama ma yawanci shekara 99 ce. Kuma in za a sayar maka da fili mai C of O sai an nemi amincewar gwamna kafin sunanka ya hau, mutane da yawa suna tsallake wannan saboda kuɗi, sai sun zo sayarwa ko neman bashi su ga har yanzu sunan mai shi na farko ne.

Shi na Danbaren ma kar ka ce tunda an ce awon gwamnati shi ke nan. Karɓi kwafin takardar ka kai KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, a bincika fayil ɗin, sunan wa ke ciki, an taɓa jinginar da shi a banki ko a'a. Sannan ka ɗauki safiyo naka, ba na dillali ba, ya tabbatar lambar da ke takarda ita ce ƙasar da aka tsayar da kai a kai. Kafin gini kuma izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano. Rusau ɗin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula ai kowa ya gani, wasu da takardunsu a hannu, sai kotu aka nufa.

Hajiyar Tarauni:
Ni dai Barista ban ce ka yi kuskure ba amma kar a tsorata yaron nan gaba ɗaya. Unguwanni nawa ne a Kano da awon igiya suka fara? Ni da shi na fara, kuma Alhamdulillah ban yi nadama ba. Dabarar ita ce ka je wurin a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ka ga inda yake kwanciya, don da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ka duba faɗin layi, masu yanka suna matse hanya don su fitar da ƙarin fuloti, ranar da gwamnati ta zo fitar da titi kuwa na bakin hanya ne zai ji a jikinsa. Ka nisanci ƙarƙashin babbar wayar wuta. Kana biya ka zuba fandisho ko layi uku na bulo ne, fili a buɗe shi ake sayarwa mutum biyu.

Maganar ɗakunan ɗalibai kuma, ɗana, yi lissafi da kyau. Siminti ya haura dubu 10 buhu a farkon 2024, ga rodi ga kwano, ɗalibi kuma ba zai kama ɗakin da ba ruwa ba, sai ka haƙa burtsatse ka sa sola. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas aka yi, ɗakunana biyu a kulle ƙadangaru na yawo. Gaba da Janguza ma ya yi wa ɗalibi nisa, in haya kake nufi Danbare ce.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na kira dillalin na tambaye shi maganar magada, sai ya ce su tara ne amma babban wansu ke sa hannu a madadin kowa, da na ce ina son ganin takardar rabo sai ya ce zai kira ni bayan la'asar. Ga shi har an yi isha'i. Barista, shi binciken KANGIS ɗin ni zan iya zuwa da kaina ko sai mai filin ya rubuta takarda?